Hayaƙi Casa'in a Duwatsun Kwalanga

A zamanin da Zarwa take ƙasa mai sarkinta, tun ganuwarta ba ta zama tudun da awaki ke hawa ba, akwai wata al'ada da ta ci mutane fiye da yunwa. Ba a buga wa sabon sarki tambari sai ya tuge dutsen iyaka ya kai shi gaba cikin ƙasar wani, ko da taki ɗari ne. Shekara guda ake ba shi. In damina ta zagayo dutse yana nan inda ubansa ya bar shi, sai masu zaɓe su tuɓe masa rawani su miƙa wa ƙanensa, shi kuwa a kai shi ɗakin da ba a fitowa. Wanda ya ƙago wannan al'ada, ni dai ban san abin da zai faɗa ranar hisabi ba.

Zarwa kuwa 'yar mitsitsiyar ƙasa ce. Mai doki in ya bar iyakar gabas da hantsi, kafin la'asar yana shayar da dokinsa a iyakar yamma. Duk sarkin da ya hau, sai ya waiga hagu ya waiga dama ya ga wanda zai iya ci cikin maƙwabta huɗu.

Sarki Dakau ɗan Nomau ya cinye wata goma bai taɓa dutse ba. Mutum ne mai saurin fushi, ga tsoro ya fara shigarsa, domin an ce ƙanensa har ya soma ba da ɗinkin manyan riguna. Ranar wata Talata ya tara majalisa, ya sa aka zuba yashi a tsakar zaure, aka kira Sarkin Iyaka Anaruwa.

Shi Anaruwa tsoho ne, siriri, ƙafafunsa duk faso. Shekara talatin yana yawon iyakokin Zarwa, ya san kowace rijiya da kowane mashigi, kuma duk abin da fada ta sani game da maƙwabta daga bakinsa ta ji. Ya haifi 'ya'ya shida, ƙasa ta karɓe biyar. Wadda ta rage masa ita ce Tasalla, tana aure a gabas cikin Tafkin Yalgo, da 'ya'yanta huɗu. Da wannan a ransa ya shigo zauren, don ya san in za a faɗi gaskiya, Yalgo ce ta fi kowa sauƙin ci.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗauki tsakuwa ya ajiye a tsakiyar yashi.

"Allah ya ba ka nasara, Zaki, wannan ita ce Zarwa." Ya ja dogon layi da sandarsa. "Nan yamma, Marwashi. Birane bakwai masu ganuwa, ƙaraminsu ya fi namu. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gero da dawa iyakar ganinka, doki ya yi gudun yini bai yi tuntuɓe da dutse ba. Mutanen da ke cin kasuwarsu ta Laraba kaɗai sun fi duk Zarwawa yawa, har da na goye. Sun ƙyale mu ne don ba su tuna da mu ba, kuma shawarata kada mu tuna musu."

Galadima Shekarau, wanda ya yi wa sarakuna uku hidima, ya gyaɗa kai. Sarki ya ce a ci gaba.

"Nan arewa, Azumbar, masu raƙuma. Har da matansu ba su kai dubu biyu ba, amma ba a taɓa samunsu wuri ɗaya. Rijiyoyinsu goma sha ɗaya ne, tsakanin kowace da 'yar'uwarta tafiyar kwana biyu. In sun ji runduna tafe sai su cusa mushen raƙumi a rijiyar farko su wuce ta biyu, su jira ƙishirwa ta yi musu yaƙin. In ma an kafa dutse a can, yashi zai haɗiye shi kafin a dawo gida."

Daga nan ya tsallake da sandarsa zuwa kudu. Sai Kaura Barmo, shugaban mayaƙan Zarwa, ya yi gyaran murya. Ƙato ne mai 'ya'ya maza biyu da ke hawa tare da shi, kuma tun da can ba ya ga-maciji da Anaruwa.

"Sarkin Iyaka, sandarka ta yi tsalle. Ko rana ta daina fitowa daga gabas ne?"

Fadawa suka yi 'yar dariya. Anaruwa ya dawo da sandar, ya zana da'ira.

"Gabas Tafkin Yalgo ne, ranka ya daɗe. Tsibirai bakwai cikin ruwa da taɓo. Masunta ne, mazansu ba su wuce ɗari huɗu ba."

"Ba doki, ba ganuwa, ba sulke," in ji Kaura. "Zaki, me muke jira?"

"Ruwan shi ne ganuwarsu," Anaruwa ya ce. "Inda ka taka jiya ruwa iya gwiwa, yau ya shanye mutum da mashinsa. Dorinar ruwa tana kifar da jirgi, ƙudan tsando yana kashe doki cikin kwana bakwai. Mu ba mu da kwalekwale ko ɗaya, su suna da ɗari biyu. Bayan haka akwai amana tsakaninsu da marigayi mahaifinka, Allah ya jiƙansa, an yanka bijimi a bakin ruwa an rantse."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai ya ƙara mata gishiri. Sarki ya ɗaure fuska.

"Yamma ta fi ƙarfinmu, arewa ba ta kamuwa, gabas amana. To, Sarkin Iyaka, in je in tuɓe rawanin da hannuna ke nan?"

"Allah ya kiyaye, Zaki. Ga kudu." Ya tara 'yan duwatsu. "Duwatsun Kwalanga. A gindinsu akwai Kwarin Ɓaure, ƙasa baƙa, rafi ba ya ƙafewa. Mutanen ba sa karɓar baƙo, ban taɓa hawa ba, kuma ban san wanda ya hau ba. Amma shekara talatin ina ganinsu suna saukowa bakin rafi su ajiye ƙarfe su ɗauki gishiri, ba su taɓa wuce mutum shida ba. Ba su da kasuwa, ba su da birni. A ganina 'yan tsiraru ne."

Galadima ya ce, "Allah ya ja zamaninka, gani daban, sani daban. Kada a ɗaura sirdi a kan 'a ganina'. A je a ƙirgo su."

Sarki ya nuna Anaruwa da yatsa. "Kai ka kawo maganar, kai za ka ƙirgo. Kwana goma na ba ka. In kudu ba ta yi ba, gabas za mu, amana ko ba amana, don wanda ya yi rantsuwar yana kabari."

Yadda ake ƙirga mutanen da ba a iya shiga cikinsu, Anaruwa ya gada daga ubansa, shi ma daga nasa uban. A sami wuri mai tsawo, a jira safiya lokacin ɗumame, a ƙirga hayaƙi. A Zarwa kowace matar aure da murhunta, ko su huɗu ne a gida ɗaya kowa da wutarta, saboda haka hayaƙi ɗaya mace ɗaya ce, da miji, da 'yan yara. In ka ba kowane hayaƙi maza biyu masu riƙe mashi, ka yi wa abokin gaba kyauta. Da wannan ma'auni aka auna Marwashi aka dace, aka auna Yalgo aka dace, kuma ba wanda ya taɓa zama ya tambayi kansa ko duk duniya haka ake hura wuta.

Ya hau wata tsohuwar kuka a bakin Kwarin Ɓaure, ya ɗaure kansa da rawani a reshe. Safiyar farko ya ƙirga hayaƙi tamanin da bakwai. Ta biyu casa'in. Ta uku casa'in. Ya lura hayaƙin nan yana da kauri, kuma har azahar ba ya yankewa, amma ya ce a ransa ɗanyen itace suke ƙonawa, mutanen dutse me suka sani. Gaskiyar magana ita ce ba ya son ya ga wani abu da ya wuce casa'in. Da ya sauko daga kukar nan sai da ya yi sujada, ya yi kuka don daɗi, ya kira sunan Tasalla da na jikokinsa ɗaya bayan ɗaya.

A fada ya ce, "Hayaƙi casa'in, Zaki. Maza ɗari da tamanin, in sun yi yawa ɗari biyu."

"Ka tabbata?" in ji Galadima.

"Safiya uku na ƙirga da idona, ranka ya daɗe."

Sarki ya yi dariyar da rabonsa da ita tun ranar naɗi. Kaura kuwa ya daɗe yana duban Anaruwa.

Ranar da za a fita, aka wayi gari tururuwa na fitowa daga wani ɗan rami a ƙofar fada, ramin da tsinke zai toshe. Tun asuba suke fitowa har rana ta take, sun yi baƙi ƙirin a filin, ba su ƙare ba. Aka kira mai duban fada. Ya tsuguna ya duba, ya kuma duba fuskar Sarki, ita ce ma ya fi daɗewa yana dubawa, sannan ya ce wannan rundunar Zarwa ce, daga ƙaramar ƙofa za ta fita ta rufe ƙasa. Aka ba shi riga. Galadima ya koma gida ya ce ciwon ƙafa ya tashi, ba zai iya hawa ba.

Mutum ɗari takwas suka fita, kusan duk namijin da ke iya ɗaga garkuwa a Zarwa. Aka ɗora dutsen iyaka a kan shanu biyu. Anaruwa na gaba yana nuna hanya. Suka ratsa Kwarin Ɓaure ba wanda ya tare su, Sarki ya so a kafa dutsen nan a juya, amma Kaura ya ce dutsen da aka kafa ba a zubar da jini ba, gobe masu ƙasa za su tuge shi, masu zaɓe kuma ba za su karɓa ba. Aka sauka daga dawakai, domin hanyar ta zama ta awaki, aka fara hawa ta wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu.

Da hantsi suka iske unguwar farko, ba kowa ciki. Mayaƙa suka bazu suna neman abin ɗauka. Anaruwa shi kuwa murhu ya tafi nema, don mai sana'a ba ya barin halinsa. Ya leƙa ɗaki na farko, ba murhu. Na biyu, babu. Ya bi ɗakunan nan na dutse har arba'in da shida, ko toka bai gani ba. Sai a tsakiyar unguwar ya iske wata rumfa, a ƙarƙashinta rami mai faɗin ɗaki cike da garwashi, an jera manyan tukwane goma sha biyu a kai, kowace mutum zai iya zama ciki. Gefe guda ga akusa an kife su, sun fi ɗari biyu.

Nan ya gane. Mutanen Kwalanga ba sa raba wuta. Zuriya guda, tun daga kaka har tattaɓa-kunne, a tukunya ɗaya suke ci, kuma wutar ba ta mutuwa. Hayaƙi ɗaya da ya ba maza biyu, na maza hamsin ne ko sittin. Ya ninka wannan sau casa'in a ransa.

Ya ruga da gudun tsufa ya iske Kaura a bakin matsatsin. "Kaura, a juya. Don girman Allah a juya yanzu. Sun fi dubu huɗu."

Kaura ya buɗe baki zai yi magana, sai aka busa ƙaho daga sama. Wani ya amsa daga dama, wani daga baya. Kan duwatsun nan da ba kowa ɗazu sai ga shi ya cika da mutane, kafaɗa da kafaɗa. Ba su yi ihu ba, ba su yi kirari ba. Amya suka fara jefowa, cike da ƙudan zuma, ta fashe a tsakiyar runduna. Da mutane suka yar da garkuwa suna kare fuska, sai duwatsu suka biyo, waɗanda sai mutum goma ke turawa. Bayan duwatsu kibau masu dafi. Masu lifidi suka kasa gudu, na baya suka tattake na gaba, matsatsin ya toshe da gawa har masu rai suna hawa kan matattu su tsallake. Wannan ba yaƙi ba ne, yanka ne, kuma kafin azahar an gama.

Ɗari biyu da 'yan kai suka ga ganuwar Zarwa. Kaura ya dawo da ido ɗaya, 'ya'yansa biyu suna can ƙarƙashin dutse ɗaya. Shanun da ke ɗauke da dutsen iyaka, da yake an bar su a kwari, su suka dawo lafiya lau.

Kwana uku birni yana kuka. A na huɗu aka kawo Anaruwa zaure a ɗaure. Galadima, wanda ƙafarsa ta warke, yana zaune a wurinsa.

Sarki ya ce, "Sarkin Iyaka, ɗari biyu ka ce."

"Na ce, Zaki. Na auna su da mudunmu, ban san nasu daban ba ne. Kuskure ne, ba ha'inci ba. Wuyana ga shi."

Kaura ya miƙe, tsumma a ɗaure a rabin fuskarsa. Bai ɗaga murya ba. "Allah ya ba ka nasara, a tambaye shi wa yake da shi a Tafkin Yalgo. A tambaye shi don me sandarsa ta tsallake gabas ranar nan. Mutum ɗari shida ya ba da, har da nawa biyu, don kada a taɓa masa mace ɗaya."

Anaruwa ya sunkuyar da kai. Da ƙarya Kaura ya yi masa, da ya sami abin faɗa.

Sarki ya ce, "Saura kwana arba'in ruwa ya sauka. Ba ni da runduna, ba ni da tambari. Wuyanka ba zai amfane ni da komai ba, tsoho. Amma ka san hanyar ruwa. Ka kai mu tsibiran nan ta inda ƙafa ke taka ƙasa, in bar maka ranka."

"Zaki, ka sa a yanka ni gunduwa-gunduwa. Ba zan kai ku ba."

"Ba sai ya kai mu ba," in ji Kaura. "Su za su zo. Na sa an tambayo mini masu sayar da kifi. Yalgawa suna da al'ada, in uban matar da suke aure ya zo ganin jikoki, duk namijin da ke da kwalekwale sai ya fito tarbarsa har gaɓa, da kiɗa. Kuma abin kunya ne a wurinsu a tarbi suruki da ƙarfe a jiki, ko wuƙar gyaran kifi ba sa ɗaukowa. Shekara goma sha huɗu 'yarsa tana can, bai taɓa zuwa a matsayin suruki ba, kullum a ɓoye yake ratsawa yana aikin fada. Suna binsa bashin wannan ziyara. A aika a ce yana tafe. A zaunar da shi a gaɓa inda za su hango shi, mu kuwa mu kwanta cikin kyauro. In mazan sun sauka, ga su ga kwalekwalensu."

Anaruwa ya ɗago. "Zan yi musu ihu tun suna tsakiyar ruwa. Wallahi zan yi."

"Na san za ka yi," Kaura ya ce. Ya juya wajen Sarki. "Harshen da ya ce ɗari biyu, Zaki, me zai ƙara yi wa Zarwa?"

Galadima ya motsa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, akwai rantsuwar marigayi." Sarki ya dube shi ya tambaye shi yaya ƙafa.

A nan tsakar zaure aka yi, a kan yashin da yake zana ƙasashe. Dogarai huɗu suka danne shi, Sarkin Aska ya yanke masa harshe, aka ɗora jan ƙarfe don jini ya tsaya. Ba zan tsaya bayanin wannan ba, wanda ya gani ma bai so ya gani ba.

Kwana goma aka ajiye shi yana jinya, don Kaura ya ce ba a kai wa surukai baƙo da kumburarren baki. Ana kawo masa kunu mai sanyi. Ranar farko ya ture ƙwaryar, ya yi niyyar ya mutu kafin ranar ta zo, don in babu shi babu tarba. Rana ta biyu ma ya ture. A ta uku ƙishirwa ta ci ƙarfinsa, ya ce wa kansa ai in yana raye zai sami dabara, zai ɗaga hannu, zai faɗi ƙasa, zai yi wani abu. Ya sha. Daga nan kullum yana sha, yana ƙin kansa.

Dabarar da yake jira, Kaura ya riga shi tunaninta. Da sassafe aka kai shi gaɓar Yalgo, aka kafa turke, aka zaunar da shi a kan kujera, aka ɗaure bayansa da turken, hannuwansa da cinyoyinsa, ƙafafunsa da ƙafar kujera. Sannan aka zura masa babbar riga 'yar Marwashi mai aiki ta rufe igiyoyin, aka naɗa masa farin rawani har ya rufe haɓa, aka riƙa masa laima. Daga nesa ba ka ga dattijon da ya kai shi kwarjini ba.

Rana ta ɗan ɗaga sai aka fara jin kiɗa a kan ruwa. Kwalekwale suka ɓullo daga bayan tsibiri, an yi musu ado da ganye, sun jeru sun rufe tafkin. Mazan suna tuƙi suna waƙa. A na gaba akwai mace a tsaye, ta yi lulluɓi da shuɗin zane, ta sa hannu a goshi tana hange. Kusa da ita mijinta ne da manyan 'ya'yanta biyu, kowanne da filafilin tuƙi a hannu.

Anaruwa ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya yi ƙara. Abin da ya fito gurnani ne, kiɗa ya haɗiye shi. Ya yi ta fizga har igiya ta shiga nama, kujerar ko motsi ba ta yi ba. Hawaye suka jiƙa rawanin. Waɗanda ke kwalekwalen gaba suka hango, suka ce wa juna tsoho yana kukan murna.

Tasalla ce ta fara taka ƙasa. Ta zo da sauri ta durƙusa gabansa.

"Baba, sannu da zuwa. Sannu da hanya, Baba. Ashe zan ga wannan rana."

Ta ɗago tana murmushi, ta kai hannu za ta kama nasa, ta ji igiya. Kafin ta juya mazan sun gama saukowa, sun ja kwalekwalensu kan yashi, kuma Kaura ya busa ƙaho.

Mutum ɗari biyu masu takobi a kan mutum ɗari huɗu masu ganga da filafili. Ba a daɗe ba. Waɗanda suka faɗa ruwa aka bi su da kibau. Daga nan Zarwawa suka hau kwalekwalen suka shiga tsibiran, inda ba kowa sai mata da yara da tsofaffi suna dafa abincin baƙo. Kafin la'asar an fito da su a jere, igiya ɗaya a wuya. Aka sauke dutsen iyaka daga kan shanu aka kafa shi a bakin ruwa.

Sarki Dakau yana cikin farin ciki, sai ya ga ya kamata ya yi alheri. Ya ce Tasalla 'yar Zarwa ce, ba a bautar da ita, a kwance ubanta a ba shi abarsa su tafi gida. 'Ya'yanta ƙanana biyu kuwa jinin Yalgo ne, suna cikin igiya.

Aka kwance Anaruwa, ya zube ƙasa. Tasalla tana tsaye a kansa, zanenta ya jiƙe da jinin mijinta da na 'ya'yanta, idonta a bushe.

"Baba, da saninka?"

Ya janye rawanin, ya buɗe baki ya nuna mata. Ta duba sosai, ba ta kau da kai ba. Ta ga wurin ya riga ya kame.

"Wannan ba na yau ba ne. Kwana nawa?"

Ya ɗaga yatsunsa goma.

"Kwana goma," in ji ta. "Ka san abin da za su yi da kai, kwana goma, kuma kana ci kana sha."

Ya miƙa hannu zai kama ƙafarta, ta ja da baya. Ta wuce dogarai, ta wuce Kaura, ta je inda 'ya'yanta biyu suke a cikin jeri, ta ɗaga igiyar ta sa a wuyanta tsakaninsu. Mai tsaron ya dubi Kaura, Kaura ya ɗaga kafaɗa, aka ƙulle.

A lokacin ne aka fara buga wa Sarki Dakau tambari. Jerin ya tashi ya nufi yamma, inda fataken Marwashi ke saye. Anaruwa ya bi su da rarrafe har inda gwiwoyinsa suka iya, yana kiranta da bakin da ba ya kira, ita kuwa ba ta waiwayo ba.